An Kashe Bishiyar Gilashi da Farin Fenti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ba ni da niyyar ɓoyewa, nake sanar da ku, ku da kuka kau da kai ana aikata abin a gabanku, rasuwar Bishiyar Gilashi, wadda ta shekara da shekaru tana tsaye a ƙofar ɗakin kimiyya na makarantarmu.

Marigayiya 'yar asali ce. Kawuna kafinta ne ya sassaƙa jikinta da itacen maɗaci, abokinsa mai yankan gilashi ya fitar mata da ganye daga korayen kwalabe, ni kuma, malamin kimiyya, na ja mata waya ta ciki. In aka kunna ta sai ta ce ƙyas, haske ya taso daga saiwa, ya hau a hankali, ya watsu cikin rassa, daidai yadda ruwa ke hawa a jikin shuka. Darasin da nake zubar da gumi a kansa gaban allo, ita takan koyar da shi baki a rufe. In iskar fanka ta taɓa ta, ganyenta kan yi kilin-kilin, ƙasa-ƙasa, don ba mai hayaniya ba ce.

Ta yi haƙuri da mu. Malamin lissafi ya mai da reshenta maratayar hula. Akawu kan zare filoginta kullum ya sa cajin waya, ta yini cikin duhu, ba ta taɓa kai ƙara ba.

Ajali ya same ta a makon da aka ce masu duba makarantu na tafe. Kun san halinmu: tagogi na iya zama a karye, amma duk abin da ba ya motsi sai an shafa masa farin fenti. Duwatsun bakin hanya, tsofaffin tayoyi, gindin itatuwa. Shugaban makaranta ya ce wa mai fenti, "Duk bishiyar da ka gani a makarantar nan, kar ka tsallake ta." Mai fenti mutum ne mai cika aiki. Ya fara daga gindi, ya ga ya yi masa kyau, ya zarce har ganye. Malamai na zaune a baranda suna kallo. Ɗaya ma ta riƙe masa tsani.

Da na iso na kunna ta, haske ya shiga ya rasa mafita. Ta yi zafi, ta yi ƙauri, ta saki ɗan hayaƙi, shi ke nan. Na tambayi mai fenti dalili, ya ce, "Haba Malam, ai rufin asiri na yi mata. Har 'yan hanjinta ake hangowa." Shugaba ya dafa kafaɗata ya ce, "Haƙuri, ɗana, kwana ne ya ƙare." Ba kwana ba ne, ranka ya daɗe, shafe biyu aka yi mata. Masu dubawa kuwa sun yaba, sun ce ba su taɓa ganin maratayar hula mai tsabta haka ba.

Ta rasu ta bar filogi ɗaya, da 'yan aji ɗaya da ba su kai darasinta ba, da ƙanwarta, Rana da Duniyoyinta, siffar rana da duniyoyin da ke kewaya ta, wadda aka yi da katako da gilashi, tana rataye a ɗakin karatu. Ita ce abin tsorona. Masu dubawa sun ce za su dawo ganin ɗakin karatu, kuma fenti ya yi saura rabin bokiti. Jiya na tarar da mai fenti a ƙarƙashinta, ya ɗaga kai yana cewa, "Wannan ma duk ta dushe."

Za a yi wa gawa wanka da kananzir da tsumma ranar Asabar da hantsi, sannan a kai ta makwancinta a sito, kusa da karyayyun kujeru. Ba a karɓar gaisuwa ta waya, kuma kar kowa ya zo mini da "sai haƙuri". Da an rufe sito, kowa ya bi ni ɗakin karatu. Ku tsaya a bakin ƙofa, ku buɗe baki, ku karɓe bokitin nan daga hannun mai fenti.