Ƙullin Buhun Tabawa

A wani daji da ambaliya ke ci duk damina, dabbobi sun daina gina rumbu a ƙasa. Ruwa kan ɗauke rabin hatsi, gara ta cinye sauran. Sai manyan tsuntsaye uku suka buɗe wuraren ajiya a kan bishiyoyi: Mikiya a kan kuka, Gaggafa a kan rimi, Shaho a kan maɗaci. Kowa ya miƙa kayansa sama ya huta da gyaran jinka da gadin ɓarayi. Idan aka tambayi ɗan kasuwa inda hatsinsa yake, sai ya nuna sama da haɓa ya ce yana can wajen gajimare, ko da bai taɓa ganin reshen da aka rataye shi ba.

Cikin masu ajiya a kukar Mikiya akwai wata bushiya mai suna Tabawa, wadda sana'arta sayar da iri. Gero da maiwa take kawowa, kuma ƙwayarsu kusan ɗaya ce a ido, amma gero na nuna da wuri, maiwa kuwa sai ta sha ruwa har ƙarshen damina. Don haka Tabawa ba ta wasa da alama. Buhun gero ƙulli ɗaya, na maiwa biyu.

Wata shekara layin kuka ya yi tsawo, irinta bai sauko ba sai bayan ruwan shuka da kwana tara. Da shekara ta zagayo sai ta ce za ta raba, ta kai rabi rimin Gaggafa. Da ta je karɓo rabin, Mikiya ta karɓe ta da fara'a, ta ce ƙofarta a buɗe take, ba ta taɓa hana kowa kayansa ba. A nan Tabawa ta ji abin da ba ta sani ba. Ashe duk buhun da ya hau kuka, juye shi ake yi cikin ƙunshin ganye na gidan Mikiya, a ɗaure da ƙullin da bakin Mikiya kaɗai ke kwancewa, a sa masa alamar da ita kaɗai ke ganewa. Ƙunshin kuma na gidan ne, ba ya fita. Aka shimfiɗa tabarma a gindin kuka, aka zazzage mata irinta tsibi guda. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓata ba.

Kwana shida Tabawa tana tsince har idonta ya yi ja. Abin da ta zaci gero ne ta auna wa maƙwabcinta Barmo, wani zomo mai gona a kan tudu inda ruwa ke ɗaukewa da wuri. Shuka ta fito kore shar, ta yi tsayi, ruwa ya ɗauke ba ta fid da kai ba, ashe maiwa ce. Barmo bai yi mata faɗa ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma gidan surukansa ya ci rani a can, kuma wannan ya fi faɗan ciwo.

Ta kai magana majalisar daji, wadda Gwanki ke shugabanta. Ta tsaya a kan dutse don a gan ta, ta ce:

“Ranka ya daɗe, ban zo ƙarar sata ba, domin ba a sace mini komai ba. An ba ni irina cif. Sanin wanne ne wanne aka riƙe, kuma iri ba tare da wannan sanin ba abincin kaji ne. Abin da nake roƙo ɗaya ne. A yi ƙulli guda da alama guda da kowa zai iya koya, wanda kowace bishiya za ta karɓa ta mayar yadda aka ba ta. In na ga dama in zauna a kuka shekara ashirin, amma ya zama don na ga damar ne.”

Manyan tsuntsaye suka yi na'am gaba ɗaya, abin da ya ba kowa mamaki. Mikiya ta ce ta daɗe tana kiran a yi ƙulli ɗaya, kuma ga nata a shirye. Gaggafa ya ce shi ma haka. Shaho ya ce nasa ya fi sauƙin koyo ga duk mai ƙumba irin tasa. Gwanki ya naɗa kwamiti ya sa su ukun a ciki saboda ƙwarewarsu. Kwamitin ya yi wata bakwai yana zama a inuwa, ya fito da ƙulli na huɗu wanda ya haɗa kyawawan halayen sauran ukun, wato babu mai iya kwance shi, har su.

Tabawa ba ta koma majalisa ba. Ranar kasuwa ta shimfiɗa tabarma kusa da rumfar masu gyaɗa, da igiyar kaba a gabanta, tana koya wa duk wanda ya tsaya ƙullin zarge, wanda ake ja da baki ko da ƙafa ya warware. Ta nemi shawarar masu ƙananan haƙora da marasa su, aka gyara shi sau uku, saboda Kwaɗo mai sayar da magani ya ce na farkon ya fi ƙarfin bakinsa. Alama kuma aka yarda ta zauna a jikin buhu, a fili. 'Yan kasuwa goma sha huɗu suka yi alkawari ba za su ba da ajiya ga duk wanda zai kwance buhunsu ba.

Bishiyoyin uku suka ƙi. Gaggafa ya aiko a gaya musu, cikin tausayi, cewa damina ta kusa.

Ta kuwa zo. Buhuna suka zauna a kan duwatsu an rufe su da zana, danshi ya fara hawa. Biyar daga cikin sha huɗun suka sulale suka mayar da kayansu sama, suka daina bi ta gaban tabarmar Tabawa. Ita kanta buhu biyu suka tsiro mata. Barmo, wanda ya dawo gonarsa, ya same ta tana shanya abin da ya rage, ya ce ta haƙura ta koma kuka, shi ya yafe.

“Na gode, Barmo,” in ji ta. “Amma in na koma, baɗi wani zan auna wa da ka. Gara in rasa buhu biyu ina sanin abin da na rasa.”

Kurciya ce ta fara karɓa. Tana da 'yar tsamiya a bakin rafi, rassa shida kacal, ba ta da ma'aikatan juye kaya ko da tana so. Ta rataye buhunan yadda suka zo. Hazbiya ta bi, sai Hankaka. Tabawa ta kafa doka guda: duk sabon wata a sauko da buhu ɗaya daga wata bishiya a kai wata, a kwance a gaban jama'a, ba don komai ba sai don a tabbata hanyar tana nan. Wasu suka ce wahalar banza ce, tunda ba wanda ke son ƙaura. Ta ce ranar da suke so ba ranar gwaji ba ce.

A wata na huɗu reshen Hankaka ya tsage. Kafin la'asar an kwashe kayan duka zuwa tsamiyar Kurciya, mai magani ya sami maganinsa, mai gyaɗa gyaɗarsa. Labari ya zaga daji. Biyar ɗin nan suka dawo, kowanne yana cewa dama can yana tare da su a zuci. Da kaka Shaho ya fara karɓar buhu a ɗaure, Gaggafa ya bi shi bayan mako biyu. Barmo ya girbe gero a kan tudunsa, ya aika wa Tabawa dami ɗaya ba tare da saƙo ba.

Mikiya ce ta ƙarshe. Ta tara jama'a a gindin kuka, ta yi jawabi mai tsawo kan yadda gidanta ya daɗe yana jagorantar buɗaɗɗiyar ajiya, ta sanar cewa daga yau tana karɓar ƙullin zarge hannu biyu. Ta ƙara masa ɗan murɗi ɗaya ne kawai a ƙarshe, ƙarami, da ƙyar ake ganinsa. Dabbobi da yawa suka yi tafi suka miƙa buhunansu. Tabawa ta nemi a sauko da guda a ba Kurciya ta kwance, aka ce mata yau ranar murna ce. Ta naɗe tabarmarta ta koma bakin rafi, inda ɗalibai uku ke jiran ta da igiya.

Mikiya ta bayyana cewa murɗin don tsaron kaya ne, kuma ba a yi mata musu ba. Tun daga ranar ba a sami wanda ya iya taɓa kayan nan ba, har masu su.