Rasuwar Lugambo, Rediyon Layin Masu Ayaba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugun da ya ƙoshi da sanyin siminti, ni Perusi Nabbosa, wadda aka fi sani da Maman Kizza, mai sayar da matoke, wato ayabar dafuwa, a kasuwar Kalerwe da ke Kampala, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka saba tsayawa a rumfata su sha labarai kyauta su wuce ba su sayi ko ayaba ɗaya ba, rasuwar rediyona, Lugambo. Ya cika ranar Juma'a da yamma a kan buhun da ya saba zama. Yana cikin magana rai ya yi halinsa.

Ba wanda ya san shekarun marigayin. Mahaifiyata, Yudesi Nakacwa ta ƙauyenmu a Kalungu, ita ta saye shi wata shekara da kofi ya yi daraja, ita kuma ta raɗa masa Lugambo, wato gulma, don ba ya jin abu ya bar shi a cikinsa. Ranar da zan taho birni ta ɗaure shi a zane ta miƙo mini, ta ce, "Tafi da shi. Ke ba kya jin magana, shi kuwa in ya tashi faɗa, ko kina so ko ba kya so sai kin ji." Na yi dariya a lokacin.

Marigayin mai ƙana'a ne. Bai taɓa neman kati ba, bai san hanyar wurin caji ba. Batir biyu sun ishe shi, in suka raunana a shanya su a rana ya karɓa ba ƙorafi. Eriyarsa ta karye tun Kizza tana goye, aka sa masa wayar ƙafar keke, ya ci gaba da aiki kamar ba abin da ya same shi. Yana da ladabin manya: ba ya faɗa wa mutum magana kai tsaye, sai ya gyara murya, "shhhh, ƙwarrr," sannan ya fara. Ban taɓa jin ya ƙara gishiri a labari ba, kuma bai taɓa rage komai don ya ga fuskar mai sauraro ba.

Amma hidimarsa ta gaske sai da annoba ta zo aka gan ta. Da aka sake kulle ƙasa, aka tsayar da motocin haya, aka hana ƙetare gunduma, sai aka ce da mu matan kasuwa mu zaɓa: ko mu zauna a gida mu bar sana'a, ko mu kwana a rumfunanmu kada mu riƙa kai cuta gida muna dawowa da ita. Wadda ke da bakin ciyarwa ba ta da wani zaɓi. Muka ɗaura gidajen sauro a tsakanin kawunan ayaba, muka shimfiɗa kwali. Ni da maƙwabciyata Hajati Namuddu mai albasa muka haɗa shimfiɗa, Lugambo a tsakaninmu kamar ɗan auta.

Shi ya koya mana wanke hannu har fatarmu ta koma kamar bayan kada. Shi yake kawo adadin waɗanda suka kamu, da na waɗanda suka tafi, da labarin iskar numfashi da ta yi ƙaranci. In an ce akwai jawabin gwamnati, layin ayaba gaba ɗaya sai ya taru a rumfata, kowa da takunkuminsa a haɓa. Jawaban nan kuwa ba su san gajiya ba. A fara daga tarihin cututtuka, a bi ta kan shanu, a ratsa ta gonaki, mu muna gyangyaɗi, shi yana ɗauke da maganar shi kaɗai. Hajati takan ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Maman Kizza, in sun gama kiwon shanun sun iso kan motoci, ki taɓa ni."

Motocin nake jira, kowa a layin ya sani. Maama, mahaifiyata, tana kwance a Kalungu da tari, tsakanina da ita hanyar da a da nake yi kafin azahar, yanzu ta koma kamar wata duniya. Kullum sai na kira ƙanena Ssekandi da ke jinyarta, kullum amsarsa ɗaya: "Da sauƙi, Yaya. Yau ma ta sha shayi. Barci take, kada a tashe ta." A ƙarƙashin teburina kuma akwai akwatin da na ajiye lubugo, ƙyallen ɓawon itacen da muke naɗe mamatanmu, wanda kowace 'ya take kawo wa uwarta. Maama da kanta ta zaɓi nata shekarun baya, ta murza shi da yatsa ta ce, "Wannan mai kauri. Kada ki kuskura ki kawo mini na 'yan yawon buɗe ido, in je can ina jin sanyi." Ba na son ko kallon akwatin. Ni dai a buɗe hanya in kai mata sukari da man zafi.

Kowace safiya bayan labarai, marigayin yana karanta sanarwar mutuwa. A garinmu mutum bai gama mutuwa ba sai an faɗe shi a rediyo. A da sanarwar takan ƙare da cewa za a binne gobe da ƙarfe biyu, a wuri kaza. A kwanakin nan ta sauya, ta koma "an riga an binne." Mun saba har muna yanka ayaba muna ji. Wata Alhamis ina cire wa wata mata rabin kai, Lugambo ya gyara murya ya ce:

"Dattijo Muwanga na Kalungu yana sanar da rasuwar ƙanwarsa, Yudesi Nakacwa. An riga an binne ta ranar Litinin. Ana sanar da 'yarta Perusi Nabbosa da ke Kalerwe, da 'yan'uwa, da surukai."

Daga nan ya wuce zuwa wani mamaci a Mityana, da muryar nan tasa dai, bai sassauta ba. Matar ta ce, "Baiwar Allah, ayabata?" Na ba ta. Na tuna har na sa mata a leda. Ranar Laraba, wato jiya, Ssekandi ya ce mini ta sha shayi.

Da na kira shi, kuka ya riga shi magana. Ya ce, "Yaya, na san halinki. Da na gaya miki, cikin motar ayaba za ki ɓuya ki taho, a kama ki a shingen jami'an tsaro, ko ki zo ki kwashi abin da ya kashe ta. Na ce a bari sai an buɗe hanya." Ashe ya bi gida gida ya gargaɗi duk mai waya a ƙauyen. Ya manta da Kawu Muwanga, don shi ba shi da waya. Kawu kuwa ya hau kekensa ya tafi gidan rediyo, yana cewa ƙanwarsa ba kaza ba ce da za ta mutu a rufa ta shiru. Ma'aikatan lafiya masu fararen kaya ne suka binne ta, a cikin leda, 'yan gida suna tsaye can nesa wajen itatuwan kofi. Ba wanda ya wanke mata fuska.

Ba zan ɓoye ba, mun sami saɓani da marigayin. Na zare masa batir, na juya fuskarsa ga buhun gawayi, na daina yi masa magana. Kasuwa ba ta tashi don uwar wani ta mutu, na ci gaba da ciniki, hawayen ma na rasa inda zan zubar da su, ko'ina mutane ne da lakar ɓawon ayaba. Hajati ta zuba mini ido kwana biyu, sannan ta ɗauko shi ta mayar masa da batir ɗinsa, ta ce, "Haba Maman Kizza, mene ne laifin bawan Allahn nan? Duk faɗin ƙasar nan shi kaɗai ne bai yi miki ƙarya ba." Ta kunna shi. Ya gyara murya ya ce mu wanke hannu.

Rashin lafiyarsa ta fara ne da wani ruwan sama da ya ratsa lemar rumfa. Murya ta dishe, bayansa ya riƙa zafi, ya daina bambance tashoshi, sai ka ji huɗubar coci ta shiga cikin tallan maganin ɓera. Hajati ta ce duk alamun sun cika, ta ɗaura masa takunkumi ta matsar da shimfiɗarta. Na kai shi wurin Kityo mai gyara a bakin ƙofar kasuwa. Ya buɗe bayansa, ya hura, wani farin gari ya tashi, ya mayar ya rufe ya ce, "Maman Kizza, wannan tsohon ba gyara yake so ba, addu'a yake so. Ki kai shi gida ya huta." Wane gida? Na mayar da shi kan buhunsa. Haka ya ci gaba da aiki yana tari, ana riƙe masa wayar keken da hannu kafin maganarsa ta fito.

Ranar Juma'ar nan aka ce akwai jawabi, ana raɗe-raɗin za a sassauta dokar kullen. Layi ya cika har da masu gawayi. Ni na riƙe masa wayar, hannuna ya sage. Ya bi da mu ta tarihi, ya bi ta shanu, ya faɗi yadda masu kamuwa suka ragu, ya yaba wa jama'a da haƙuri. Na taɓa Hajati ta tashi. Sai ya ce, "Daga ranar Litinin, motocin haya za su..." Ya yi "ƙwarrr" sau ɗaya, a hankali. Shi ke nan. Na buga bayansa, na juya batir, na ciji batir. Matan suka watse a guje zuwa wurin wani ɗan boda, wato ɗan acaɓa, da ke saurare a wayarsa. Ni na zauna da shi a cinyata. Maganar da na yi ta roƙonsa ya faɗa tun Maama na da rai, sai da ba ta da sauran amfani ya kai bakinta, kuma bai ƙarasa ba. Ban ma iya jin haushi ba, na gaji.

Ragowar jawabin a bakin Hajati na ji shi. Motoci za su tashi da rabin fasinja. Mu koma gidajenmu mu kwana. An yarda a yi jana'iza, mutum ashirin. Sauran taruka kuwa, har da zaman makokin waɗanda aka riga aka binne, sai an ga abin da hali ya yi. Na kira ciyaman ɗin ƙauyenmu na ce ina so in tara dangi a kan kabarin uwata mu yi mata kuka kamar mutane. Ya ce, "Nabbosa 'yata, Nakacwa ta goya ni, kin sani. Amma abin da aka ce jana'iza aka ce. Sai da gawa." Na dubi abin da ke cinyata, na ce masa akwai gawa, ɗan gidan Nakacwa ne, ya daɗe a birni. Ya tambayi sunansa, na faɗa. Sai ya ce, "Allah sarki, Lugambo. Na san shi, ya sha ba mu labarin ƙwallo. Ni dai ba na buɗe likkafani. Ku tsaya a ashirin."

Marigayin ya rasu ya bar batir biyu, waɗanda su ma jikin nasu sai a hankali, da wayar keke guda, da rigarsa ta atamfa da Maama ta ɗinka masa da hannu. Ya bar Hajati Namuddu, wadda ta ce yanzu ba ta san wa za ta yi wa barci ba. Ya bar layin ayaba cikin jita-jita. Ya bar kuma wayata, mai hoto da fitila da kiɗa iri-iri, wadda ta yi kwana uku tana gaya mini an sha shayi.

Game da jana'iza: za a ɗauki gawa ranar Litinin a motar farko da za ta tashi zuwa Masaka, kusa da Kalungu. Marigayin zai yi tafiyar a jakata, ba zai tare wa kowa kujera ba. Ssekandi ne zai haƙa kabari, shi kaɗai, kuma bai yi musu ba. Kawu Muwanga ne zai yi jawabi a madadin dangi, ya riga ma ya hau keke ya kai sanarwa gidan rediyo, ya ce wannan karon a faɗa da kyau, "za a binne." Akwai jarka da sabulu a bakin gona, kowa ya zo da takunkuminsa, a bar musabaha da runguma. Za a dafa matoke, ni zan kawo. In an cika ashirin, sauran su tsaya wajen itatuwan kofi, ana jin komai daga can, 'yan gidanmu sun gwada.

Za a yanki gefen lubugo ɗan taki guda a naɗe shi, don ba shi da jiki. Sauran, mai kaurin, za a shimfiɗa a kan kabarin da ke kusa, saboda maƙwabtaka, kuma ana sanyi a Kalungu a wannan watan.

Kabarin Lugambo yana hagu, na Maama yana dama, taku ɗaya ne a tsakani. Duk wanda ya fara kuka ya ga fuskarsa ta juya dama, ko ya ji sunan da ke fita daga bakinsa ba na marigayin ba ne, ya ci gaba abinsa, ba mai gyara masa. Lugambo ba zai ji haushi ba. Duk tsawon rayuwarsa sunan mamatan wasu yake kira.