Minti Bakwai na Jawabi, Minti Uku na Wifi

Kai mai karatu, ka gan mu, kar ka rantse. Ranar Laraba da hantsi ka wuce ta gindin turken wifin nan na bakin kasuwar New Bell, ka gan ni da ƙanwata Ikilima mun ɗaga tabulet sama kamar masu roƙon ruwa, ka kau da kai, ka tare benskin, wato ɗan acaɓa, ka yi gaba.

To ga abin da ka ƙi tsayawa ka gani. Ikilima na son shiga makarantar koyon aikin jinya. Rajistar jarrabawar ta intanet ake yi, a rufe ƙarfe sha biyun rana na wannan Larabar. Takardar likita mai tambari kuwa, bayan zirga-zirgar mako uku, sai da safiyar ranar ta fito. Tabulet ɗina ba ta da wurin sa sim, muka ce ai ga wifin kyauta da Mai Girma Uban Ci-gaba ya kafa mana da kiɗa da tafi.

Allah ya ƙara masa basira. Kowa minti goma aka ba shi. Amma kafin a buɗe maka, dole ka kalli bidiyon jawabin da ya yi ranar bikin, minti bakwai cur, ba tsallakewa, kuma cikin goman ake cirewa. In rezo, wato sabis, ya yanke, jawabi ya koma farko.

Ya kuwa yanke. Na kashe wifin na kunna, jawabi. Na sa tabulet ta manta da layin na sake haɗawa, jawabi. Na kashe ta ɗungurungum, na matsa har ƙirjina ya taɓa turken. Sau shida muna kaiwa wurin ɗora hoton Ikilima, ya hau rabi ya tsaya, Mai Girma ya sake fitowa yana gyara tabarau.

Mama Hawa'u mai fanke, da ke suya a gindin turken, ta ce ita kam abin ya yi mata rana. In ya kai "matasa su ne gobenmu" sai ta juya fanke, in ya yi tari sai ta kwashe, tun bara bai taɓa ƙone mata ba. Na ce Mama, don suya aka kafa shi?

"Ɗana, da babu gara ba daɗi," in ji ta. "Abin kyauta kake wa faɗa?"

Abdurrazak ɗan benskin, yana kishingiɗe kan babur ɗinsa, ya ce duk unguwa an san halin wifin nan. "On va faire comment, babban yaya? Ya za mu yi?" Wannan tambayar ita ce ciwonmu. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Mu namu ya shekara kan wuta, har mun fara yaba ƙamshinsa.

Ni ma ina da laifi. Taurin kai ya hana ni roƙon kowa, ina ta cewa haƙƙinmu ne. Sai sha biyu saura minti huɗu Abdurrazak ya buɗe mana intanet ɗin wayarsa. Hoto ya hau, takardar likita ta hau, muka danna aikawa. Shafi ya ce an rufe.

Ikilima ba ta yi kuka ba. Ta ninke takardarta ta sa a jaka, ta ce, "Yaya, baɗi shekaruna sun wuce ƙa'ida, ka sani ko?" Na sani.

Saboda haka na rubuta wasiƙa biyu. Ɗaya ga masu turken, su cire bidiyon nan. Ɗaya ga masu jarrabawar, su ƙara kwana ɗaya ga duk wanda rezo ya ci amanarsa, don ba Ikilima kaɗai ba ce. Wasiƙun suna shagon Abdulsalami tela, kusa da masallaci. Ka je ka sa hannu kafin Lahadi. Litinin ƙarfe takwas ka zo mu raka Ikilima mu kai su hannu da hannu. Kar ka turo min "Allah ya ba da sa'a" ta waya. Ƙafarka nake so.