Tocilar da Ba a Kwance Mata Gindi

Jiya na wuni a Hukumar Yaƙi da Duhu, kuma ina mai tabbatar wa masu karatu cewa duhun ne ke kan gaba.

Bari in fara daga tushe, domin na yi shekara talatin da huɗu ina koyar da tarihi, ba na son labari mara kwanan wata. Tocilata ta ƙarfe ta shigo gidana ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, shekara ashirin da tara da suka wuce. Batir biyu manya take ci. Idan suka mutu, sai a kwance gindinta, a zubar da su, a sa waɗansu. Haka aka san tocila tun da aka ƙirƙiro ta a ƙarshen ƙarni na sha tara. Da ita mai ɗakina ke bambance ƙwayar maganin hawan jini da ta ciwon gwiwa kowace asuba, domin ɗakinta na ciki ba taga, ƙwayoyin kuma duka farare ne.

Watan jiya Mai Girma Jagoran Haskaka Talakawa, Allah ya ƙara masa ƙyalli, ya ƙaddamar da shirin musaya: ka kawo tsohuwar tocila, a ba ka sabuwa mai batir a cikinta, wadda ba a canzawa har abada. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na bi layi awa uku da minti goma, na miƙa tawa, aka ba ni wata ta roba mai hoton Mai Girma yana murmushi.

Kwana shida ta yi tana haske. A na bakwai ta nemi caji, ita kuwa wutar da za a yi cajin rabonmu da ita tun kafin a ƙaddamar da shirin.

"Malam," in ji mai ɗakina, "yau ƙwayar gwiwa na sha sau biyu. Gwiwa lafiya lau, kaina ne ke juyawa. Duk bokon nan naka, da hannunka ka ba da mai ido ka karɓo makauniya?"

Na kai ta wurin maƙwabcina mai gyaran rediyo. Ya juya ta sama da ƙasa yana neman inda zai sa sukundireba.

"Baba, wannan ba a buɗe ta, sai dai a fasa."

"To idan batirin ya mutu fa?"

"Sai ya ci gaba da zama a ciki. Ai shi ya sa suka sa hotonsu."

Dalilin zuwana Hukumar ke nan. Bene ne hawa huɗu, da motoci tara a harabarsa, na ƙirga. Aka tura ni hawa na uku, na uku ya tura ni na ɗaya, na ɗaya ya ce masu ƙorafi ɗakin ajiya suke zuwa, can ƙasan matakala. A nan na tarar da akawun ƙorafi, da rana tsaka, cikin duhu kamar cikin tulu. Injin wutar Hukumar, in ji shi, ofishin Mai Girma kaɗai yake iya ɗauka.

"Baba, zauna in nemo maka fom."

Ya jawo aljihun tebur, ya fito da tocila. Ta ƙarfe. Da lotsawa a gefen hagu, inda ta faɗo daga kan kekena shekara goma sha bakwai da suka wuce, da jan zaren da mai ɗakina ta ɗaura mata.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ba ka amfani da irin wadda kuka raba mana?"

"Haba Baba. Mu aiki muke yi."

Ya haska cikin takardu. Hasken ya yi ja, ya yi rawa, ya mutu. Ya bubbuga ta a tafin hannu, ya girgiza ta, shiru. Ni kuwa tun ina saurayi ba na fita babu batir biyu a aljihun riga, sabo ne.

"Kawo in duba maka, ɗana."

Na kwance gindinta, na zazzage matattun a kan teburinsa, na sa nawa. Ɗakin ya haskaka har muka ga juna. Sai na ajiye masa ta robar, Mai Girma yana ta murmushi, na sa tawa a aljihu.

"Baba, wannan kayan Hukuma ne."

"Shirin musaya ne, ɗana. Ka kawo tsohuwa, an ba ka sabuwa. Idan kana da ƙorafi, fom ɗin yana nan cikin takardun."

Ban ji takunsa a bayana ba. Ina jin ƙofar yake lalube.

Yau da asuba mai ɗakina ta sha kowace ƙwaya a kan ƙa'ida, ta ce ashe bokon bai tashi a banza ba. Ga mai neman shawarar wadda zai saya, da tsohuwar zuma ake magani: a nemi wadda ake kwance mata gindi. Ban ce komai a kan kowa ba. Maganar batir nake.