Mato Ya Sauke Taswira

A Kwarin Gawo an yi wani mutum, Mato. Gemunsa har ya fara furfura, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Yayarsa Laure ce ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu, ita ke warware masa maganar mutane. Da ƙafafunta suka gaza, ɗanta Sabi'u ya ɗauke ta zuwa gari. Gida ya rage daga Mato sai turmi, sai wata kaza da ba ta ma yini a gidan. Kullum tuwon mutum biyu yake tuƙawa, ya ci rabi, ya zauna yana kallon rabin.

Wata rana Sabi'u ya aiko masa da waya, ya kira shi a rumfar Haladu mai caji, don nan kaɗai sabis ke kamawa. Ya ce, "Kawu, jikin Inna ya yi nauyi, sunanka take ta kira. Ruwa ya cinye hanyar mota, sai dai ka tako ta daji. Na zana maka hanya, Haladu zai sa maka taswira." Haladu ya nuna masa guda biyu. "Wannan tana cin data, kuma ba ta aiki sai da sabis. Wannan kuwa ba ta cin komai, ko tsakiyar daji tana tare da kai." Mato ya ce, "Ba ni mai cin." "Don me, Baba Mato?" "Na gaji da ci ni kaɗai." Haladu ya fara dariya, sai ya haɗiye ta. Ya ce, "Ai ta biyun ma tana ɗan taɓa caji." "To, ba ni ita."

Haladu ya danna, ya ce sai an sauke ta tukuna, ya juya wajen wani mai karɓar waya. Mato ya ji an ce sauke, shi kuwa rabonsa da baƙo tun tafiyar Laure. Ya sure waya sai gida. Ya share ɗakin Yaya, ya shimfiɗa tabarma, ya dama fura. Da Haladu ya biyo sawu, ya tarar da waya a kan matashi an lulluɓe ta da zane. "Baba Mato, ka raba ta da sabis, ba ta sauka ba!" Mato ya ce, "Ta sauka mana, ga ta nan. Rage murya. Kunya ce da ita, ko gaisuwa ba ta amsawa."

Wata rana, bayan taswira ta sauka da gaske, Haladu ya zaunar da shi. "Ka ga shuɗin ɗigon nan? Kai ne." Mato ya kawo ido kusa. "Ina sauran mutane?" "Kai kaɗai take nunawa." Ya jinjina kai, ya ce, "Ashe ita ma ta sani." Haladu ya ce abin da ya rage kawai ya bi shuɗin layi har ƙarshe. Mato ya sa waya a aljihu, ya fita neman layi a ƙasa. Can bayan marina ya ga ruwan baba yana gangarawa, shuɗi sak. Ya bi shi har cikin kududdufi. Ya dawo da ƙafafu kamar an rina su. "Haladu, na kai ƙarshen layi. Babu Yaya, kwaɗi ne kawai."

Ranar tafiya Haladu ya raka shi bakin gari, ya ce, "Idonka a kan waya. In ka kauce daga layi, wata mata za ta yi maka magana. In kuma abu ya rikice, Sabi'u ya ce ka tsaya inda kake, ka tura masa wurin da kake." Mato ya shiga daji. Shiru, daga gero sai dawa. Da shirun ya ishe shi, sai ya ɗan kauce. Matar ta yi magana da Turanci. Ya washe baki. "Lafiya lau! Ya gajiya?" Ya koma layi, ta yi shiru. Ya sake kaucewa, ta sake magana. Haka ya yi ta shiga gonakin mutane yana ba ta labarin kazarsa, har waya ta mutu a wata mararraba da bai taɓa gani ba.

Ya tsaya cak. Saura tura wuri. Ya duba, ba abin da zai ɗauku sai wani allon ƙarfe mai ɗauke da sunan ƙauyen da ke wurin. Ya jijjiga shi har ya tumɓuko. Wata motar tumatir ta zo wucewa, ya tsayar da ita. "Ka kai wa Sabi'u mai gyaran injin ban ruwa, bakin tasha." Direba ya ce, "Baba, to hau mana in kai ka." "An ce in tsaya." Direba ya ga zancen ya fi ƙarfinsa, ya jefa allo kan kwanduna. A gari ya jingine shi a ƙofar shagon Sabi'u, ya ce wai in ji kawunka, ya wuce.

Sabi'u ya karanta: Mararrabar Kanya. Ya ɗaure allo a bayan babur. Da ya isa, ya tarar mutanen ƙauye sun tsare Mato, sun ce ba inda za shi sai allonsu ya dawo. Suna gadinsa suna cin dambu da shi a faranti ɗaya. Sabi'u ya duba wayarsa, ko ɗigon sabis babu. Ya ce, "Kawu, da ta waya ka ce za ka turo, da har yanzu muna nemanka a daji."

Suka iso gari da la'asar. Laure ta ɗago daga kwance, ta laluba fuskar Mato, ta kama hannunsa. Ta ce, "Mato, zauna nan kusa da ni. Kada ka je ko'ina." Sabi'u ya buɗe baki zai ce Inna gyara maganar, ta ɗaga masa hannu. Ta san abin da ta faɗa, ta kuma san wa ta faɗa wa. Mato ya tuɓe takalmi, ya zauna.