Daddawar Inna a Ɗakin Amarya

Ba zan taɓa mantawa da bikin Rukayya ba. Ko da ma na so in manta, matan Kurfi ba za su bar ni ba.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san daga inda na faɗo. Sana'ata haɗa turaren wuta da humra. A Dutsin-Ma in ana lissafin masu hanci, ina cikin na gaba-gaba (ni dai haka nake gaya wa mutane). Mace za ta wuce ni a gidan suna, in ce mata, "Hajiya, wannan humrar taki farcen turaren da aka sa ya yi mata yawa," ta tsaya tana kallona baki buɗe. Da wannan nake taƙama.

Matsalata ɗaya ce, damina. Gidanmu yana gangare ne ta wajen dam, da Agusta ta kama sai bango ya fara zufa kamar mai zazzaɓi. Takalma su yi fari-fari, atamfofi su riƙa warin rufi, itacen turarena ya yi laushi ya ƙi kama wuta. Wata shekara ƙanena Auwalu, da ke aiki can Fatakwal inda sama ba ta gajiya da zuba, ya zo gida ya tarar da ni ina shanya kaya a tsakar ɗaki ina mita. Da ya sake dawowa sai ga shi da wani farin akwati mai taya, tsayinsa bai wuce gwiwa da kaɗan ba.

"Anti, wannan injin shan danshi ne," in ji shi. "Yana jawo iska ta baya, ya matse ruwan da ke cikinta ya tara a wannan bokitin na ƙasa, busasshiyar iska ta fito ta sama. Ki rufe ƙofa da taga in kin kunna. Ki riƙa zubar da ruwan, ki riƙa cire ragar bayan nan kina wankewa. Kuma don Allah kada ki ɗora masa komai a ka."

Na ce to. (Irin to ɗin da ake ce wa ƙane, wanda kai ka goya shi.)

Gaskiya injin ya yi aiki. Ranar farko da na jawo bokitin na ga ruwa cike, sai da na yi salati. Ashe cikin tafki muke kwana ba mu sani ba! Daga nan na zama malamar danshi. Duk baƙuwar da ta shigo sai na jawo mata bokitin ta gani, ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba.

Ana cikin haka, Inna, wato mahaifiyar maigidana, ta aiko mana da daddawa daga Karofi, rabin buhu. Inna ta iya daddawa, ta kalwa zalla, irin wadda in an jefa a miya maƙwabta ke sani. To amma ruwa ya taɓa ta a kan babur, ta iso da laushi, ga sama kullum a haɗe, babu ranar shanya. Sai dabara ta zo mini. Na tura injin cikin sito, na baza daddawar a tabarma, na rufe ƙofa. Waɗanda suka fi jiƙa kuwa na jera su a kan injin, daidai bakin da iska mai ɗumi ke fitowa, don su fi saurin bushewa. Suka bushe ƙarau. Na kwashe ina yaba wa kaina basira. Ban ƙirga nawa na ɗora ba, balle in san nawa na sauke.

Makon ya zagayo da bikin Rukayya, ɗiyar babbar yayata, Yaya Binta, yarinyar da na riƙa tun tana rarrafe. A Kurfi za ta zauna, gidan malamai ne babba, angon kuma, Malam Sagir, ya gina sabon sashe ya gama a gurguje. Ranar Alhamis da muka je jere, sai muka tarar bangon bai gama shan iska ba. In ka dafa sai ka ji sanyi, fenti har ya fara kumbura ta ƙasa. Yaya Binta ta zauna a bakin gado ta rafka tagumi.

"Yanzu a nan za mu zuba kayan yarinyar nan? Katifa sabuwa, labule sababbi? Kafin wata guda duk sun yi funfuna."

Na gyara ɗaurin ɗankwalina na ce, "Yaya, kina da ni kike tagumi?"

Nan take na sa aka koma Dutsin-Ma aka ɗauko injin a bayan mota. Na goge shi tas da tsumma har yana ƙyalli. Ta waje ke nan. Ragar baya kuwa, tun da Auwalu ya tafi ban taɓa sanin yadda ake cire ta ba.

Ga wani abu da ya kamata ku sani: a makon nan mura ta kama ni, irin ta damina mai toshe hanci ruf. Ko albasa aka yanka a gabana ba na ji. Amma wa zai ji daga bakin mai turare cewa hancinta ya tafi hutu ana tsakiyar biki? Na yi shiru da bakina.

Muka gama jere, ɗaki ya yi kyau. Na kafa injin a tsakiya, na sa masa tiyo na ja har banɗaki, yadda ruwan zai riƙa zuba da kansa ba sai an shigo zubar da bokiti ba. Na rufe tagogi, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na kulle, na jefa makulli a jakata. Malam Sagir yana tsaye daga nesa, kansa a ƙasa don kunyar surukai.

"Malam, kada janareta ya mutu har gobe," na ce masa. "Kuma ko wa ya ce a buɗe, ka ce ni na hana."

"In sha Allahu, Anti. Allah ya saka da alheri."

Bawan Allah, haka ya yi ta ɗura mai.

Washegari Juma'a aka ɗaura aure bayan an sauko daga masallaci. Da la'asar matan dangin ango suka taru ganin ɗaki kafin a kawo amarya. A gabansu akwai Gwaggo Lami, ƙanwar mahaifin ango, doguwar mace mai carbi a hannu da ido mai ganin ƙurar da ke bayan kabad. An riga an gaya mana cewa in ta yaba ɗaki, ya yabu a Kurfi gaba ɗaya. Ni kuwa na sha leshi, na tsaya a bakin ƙofa, sai da na yi musu ɗan jawabi tukuna. Na ce yau za su ga abin da ba a taɓa yi wa wata amarya ba a garin nan. Na ce iskar da ke cikin ɗakin nan tatacciya ce, ko a asibitin Turai sai haka.

Na murɗa makulli, na tura ƙofa, na yi gaba.

Na dafa bango, na ji shi a bushe, har da ɗan ɗumi. Na juyo cike da murna don in karɓi yabo, sai na ga kowa ya yi tsit. Wata ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Wata ta koma da baya tana tari. Yaya Binta ta zaro ido tana yi mini wata alama da ban gane ba. Ni a raina cewa na yi kyan ɗakin ne ya ɗaure musu baki.

"Ku shigo mana! Ku taɓa bangon ku ji!"

Gwaggo Lami ta shigo a hankali, ta ɗaga hanci sama, ta ja, ta sake ja.

"Hajiya," ta ce mini, "mi aka dafa cikin ɗakin ga?"

"Dafawa kuma? Gwaggo, ai ko ashana ba a ƙyasta ba."

"To wani abu na tashi. Kuma ba kaɗan ba."

Da mai hankali ce ni, a nan zan ce, "Gwaggo, ku yi haƙuri, mura nake, me kuke ji?" Amma ina! Sai na ɗaure fuska irin ta masana, na shaƙi iskar da ba na ji, na ce lallai kam akwai ɗan wani abu, kuma ba ya rasa nasaba da ginin. Na ce wataƙila ɓera ne ya mutu a silin. Na ce ko kuwa magina sun haɗa bututun masai ba daidai ba, ai ginin gaggawa ya gaji haka. (A gidan mutane fa nake wannan, a gaban 'yan'uwan wanda ya yi ginin.) Na ga fuskokin dangin ango sun canza. Wata daga baya ta ce, "Ikon Allah, yau kuma masai ɗinmu ne."

Don in rufe bakin kowa, sai na dafa injin na ce, "Wannan dai shi ne ma ya rage muku abin. Da babu shi da ba ku iya tsayawa nan. Gwaggo, zo ki sa hancinki nan inda iskar ke fitowa, ki ji yadda tsabta take."

Ni da bakina na kira ta.

Gwaggo Lami ta miƙa wa wata carbinta, ta sunkuya, ta kai hanci. Sai ta ɗago da sauri kamar an mare ta, idonta har da ƙwalla. Ta sa aka kashe injin, ta ɗaga ɗan murfin saman, ta zura yatsu biyu, ta lalubo. Ta fito da wani abu baƙi, mai faɗi, ta ɗaga shi sama yadda na bakin ƙofa ma za su gani. Ta sake zurawa ta fito da wani. Ta gutsuri ɗan kaɗan ta ɗanɗana.

"Daddawa ce," ta ce. "Ta kalwa. Ga ɓeran naki, Hajiya."

Jama'a, kun san shirun da ake yi kafin a fashe da dariya? Na ji shi har cikin ƙashina. Wata ƙanwar ango ce ta fara, ta durƙushe a bakin ƙofa tana riƙe ciki, sai ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Wata ta ce a kawo tuwo, miya ta riga ta haɗu. Wata ta sunsuni labule ta ce ko gishiri ba ya buƙata. Gwaggo ta juya bayan injin ta fizgo ragar nan, ga ta baƙi ƙirin, ta yi kauri da garin daddawa da ƙurar sito. Ashe tun jiya abin nan yake gasa daddawar Inna yana feshe ta cikin katifa, da filo, da labule, da akwatunan lefe da muka bari a buɗe don su sha iska.

Ni dai ina tsaye cikin leshina, hanci a toshe, ni kaɗai ce a ɗakin ban san abin da ake ji ba.

Yaya Binta ba ta yi dariya ba. Ta jawo ni gefe.

"Da magariba za a kawo yarinyar nan. Ina za mu sa ta?"

Nan ne abin ya daina ba ni kunya kawai, ya fara ba ni tsoro. Na ce a kawo garwashi, na zazzage duk turaren da ke jakata. Kada ku taɓa gwada wannan. Turaren wuta ba ya korar daddawa, aure suke yi. Waɗanda suka shiga bayan nan sun ce gara warin farko.

Gwaggo Lami ce ta cece mu, ita da na kushe wa gini. Ta tafa hannu ta ce dariya ta isa. Ta sa aka buɗe tagogi, aka kwance labule aka jiƙa, aka fito da katifa da filo aka jingina a baranda, aka zuba gawayi a faranti aka ajiye a kowace kusurwa. Ta ce amarya za ta sauka a ɗakinta har nan ya huce, ita za ta koma wajen jikokinta. Ni kuma ta miƙo mini ragar da buroshi da sabulu.

"Ke kuma ga naki. A bakin rijiya ake wanki."

Haka na tattare leshi na tsuguna a tsakar gidan surukan Rukayya ina dirzar raga, mata na wucewa suna yi mini sannu da aiki da wata irin murya. Kafin in tafi na nemi Malam Sagir na ba shi haƙuri kan maganar masai. Ya ce, "Ba komai, Anti," kansa a ƙasa, amma kafaɗunsa na rawa don dariya.

Rukayya kam ta yi fushi da ni na ɗan lokaci. Ta ce mini har bayan kwana arba'in, in ta kifa fuska a filo sai ta ji yunwa. Yanzu ita ce ke fara ba da labarin in mun haɗu, har da kwaikwayon yadda na ce "zo ki sa hancinki."

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo ne bayan mako biyu. Waya ta shigo daga Kurfi, Gwaggo Lami ce. Na gyara murya, na ɗauka turare za ta saya, don an ce ta yaba wanda na ba amarya. Muka gaisa, ta tambayi mura, na ce ta warke.

"Madalla. Dama daddawar nan nike tambaya. Wa ke yin ta? Mun sa guda biyun nan a miya, Malam babba, baban ango, har ƙari ya nema."

Yau Inna tana da masu saye a Kurfi fiye da ni. Can kuma ba a san ni da sunana ba, sai Anti Daddawa, har yaran da ba a haifa ba lokacin.

Abin da na koya shi ne, in ka shiga wuri ka ga kowa ya yi shiru yana kallonka, kada ka yi saurin ɗauka burge su ka yi. Ka fara tambaya tukuna, da ƙaramar murya.