Yadda Za Ka Ɓoye wa Kawunka Cewa Ka Bar Fetur Ka Koma Rana

Kai dokta a injiniyancin man fetur, da ka wayi gari tallafin bincike duk ya gudu wajen hasken rana, gyara zama. Hanyar nan ba ta taɓa kunyata kowa ba. Dokta Habibullahi na Goronyo ya bi ta, har gobe kawunsa na sa masa albarka.

1. San girman rigimarka

Kawu Sajo bijiminsa ya sayar Habibullahi ya tafi karatu. Tun ranar ya ware gefen gonarsa ta albasa, ya hana a shuka ko tsinke, wai nan za a haƙa rijiyar mai. Dokta kuwa tuni ya lallaɓa ya koma binciken sola, don can ƙarin girma yake. Ranar da Kawu ya ji, albarka ta ƙare. Dokta na tsoron ranar nan ƙwarai.

2. Kada ka yi ƙarya, ja gaskiya ta yi tsawo

"Habibu, mi aka jira? Yaushe za a hwara haƙa?" in ji Kawu.

"Kawu, muna matakin sauyin makamashi."

Kawu ya gyaɗa kai, ya ce a damo wa Dokta fura. Tsoho ba ya tambayar abin da bai gane ba a gaban mutane. Saboda haka a gaban mutane za ka riƙa gaishe shi.

3. Kawo kayan aiki

Jera farantan sola a filin, a buga bututu, a ɗaura famfo. Ka ce na'urar bincike ce. In ya tambayi dalilin da take kallon sama alhali mai na ƙasa, ka ce haka Turawa suka yo ta.

4. In ruwa ya ɓullo, ɓata rai

Dokta har tsaki ya yi. "Ruwa ne a sama, Kawu. Sai an kwashe shi kaf a iske man." Don gudun almubazzaranci aka karkata shi cikin albasa. Maƙwabta na kukan tsadar fetur ɗin injin ban-ruwa, shi Kawu albasarsa sai da aka kira mota.

5. Kada ka leƙa bayan rumbu

Kullum da safe Kawu kan kamfaci ruwan ya sansana. Ya shaida wa matarsa, Inna Laraba, ya fara jin ƙanshi-ƙanshi. Jarkokin 'yan uwa daga Wurno har Gandi na bayan rumbu suna jiran rabo.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da abin da zai biyo baya, kada a neme shi. Dokta ya zama farfesa, amma bana a Sakkwato ya yi sallah, bai yarda ya leƙa Goronyo ba. Can saƙon Kawu ya iske shi: "Ruwan nan ya ƙi ƙarewa, a ƙaro na'ura. Kuma ka taho da ta Mode maƙwabcina, na sansana gonatai, ita ma akwai alamar mai."